Ka Bar Mini Launi Uku a Bango

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 2024, wadda ta yi daidai da shida ga Zulƙida, Allah ya karɓi ran Soumana Mai Fenti, mutumin Dosso, wanda ya daɗe yana zaune a unguwar Manshiya a nan Sabha. Ajali ya same shi a Samnu, wani ƙaramin gari arewa da nan, inda ya je aikin wani gida. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi sallar azahar, ya ce zai ɗan jingina da gindin dabino kafin rana ta yi sanyi. Da suka je tayar da shi, sai suka tarar rai ya yi halinsa. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa a nan Sabha.

Dattawan ƴan Nijar na unguwarmu sun ce ni zan rubuta abin da za a karanta a wurin addu'a, a kuma aika wa iyalinsa, wai tunda ni aka sani da biro a aljihu. Gaskiya ne ina rubutu kullum, amma kaina nake yi wa: abin da na ci, wanda na gani, da abin da ya dame ni. Wannan daban ne. Na fara na yage, na sake farawa na yage. Duk inda na rubuta "marigayi" sai in ga kamar wani baƙo nake nufi. Saboda haka jama'a su yi mini haƙuri, zan yi magana da shi kai tsaye, yadda na saba.

Soumana, ni ne Nasirou, Bagobirinka na shagon injin ban ruwa, wanda ka laƙaba wa Akawu. Wanda bai san mu ba zai ji wasu maganganu a nan ya ce ba ni da ladabi. To a sani, shi Bazabarme ne ni Bagobiri, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, kuma mutuwa ba ta yanke shi. Ka girme ni nesa ba kusa ba, amma ban taɓa ce maka Baba ba sai ranar da nake neman wani abu a wurinka, kai ma kuwa ka san da haka.

Ranar da na fara ganinka, motar da ta ɗauko mu daga Agadez ce ta zubar da mu a bakin unguwa. Leɓɓana sun tsage, zazzaɓi yana kaɗa ni, na kasa miƙe ƙafa saboda daɗewa a naɗe. Ka zo wucewa da tsani a kafaɗa, ka dubi zanen da ke fuskata, ka ce, "Wa ya yar da bawana a nan?" Ban san lokacin da na yi dariya ba, har leɓen ya yi jini. Ka kai ni gidan da sababbin zuwa ke sauka, ka jiƙa mini ruwa da ɗan gishiri da sukari, ka hana ni kwankwaɗa, kana ba ni kurɓi kurɓi kana zagina. Sai da na iya tsayawa da ƙafata ka daina zuwa mini da kwanon shinkafa da rana. Daga baya na ji cewa ba ni ne na farko ba, ba kuma Gobirawa kaɗai kake yi wa haka ba. Na ɗan ji kishi.

Ka so koya mini sana'arka, abin bai yiwu ba. Kana miƙo mini buroshi sai in tsaya tambaya: daga sama ake farawa ko daga kusurwa, ruwa nawa ake zubawa, idan ya ɗiga fa? Ka ce kafin in gama tunani fentin ya daskare a bokiti. Da kanka ka ja ni zuwa wurin mai shagon da nake aiki yau, ka ce masa da Larabcinka na kasuwa, wannan ya yi lakwal, wato boko, ya iya karatu, amma kada a ba shi abin da ke zubewa. A kan wannan shaida aka ɗauke ni, kuma har yau ban ga inda ka yi ƙarya ba.

Mutanen Manshiya sun san wasu ayyukanka da ba ka taɓa ambata ba. Kowace shekara kafin azumi kai ke yi wa ɗan masallacinmu fenti, da ragowar fararen da ka tattara daga gidajen da ka yi aiki. Shi ya sa babu bango biyu da farinsu ya zo ɗaya a masallacin nan, kuma ba wanda ya taɓa kuka da haka. Sa'an nan akwai maƙabarta. Duk baƙon da ya rasu a garin nan ba dangi, kai ne za ka samo bulo, ka kira ni in rubuta sunansa da garinsu da alli, kai kuma ka bi sawun allin da fenti, tunda ba ka yi karatun boko ba. Hannunka bai taɓa kauce wa layina ba ko sau ɗaya. Ka ce kada wata rana uwar wani ta aiko a nemo mata kabarin ɗanta a ce ba a sani ba. Mun tsuguna tare a gaban bulo da yawa, Soumana. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan tsuguna ni kaɗai ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni, domin shi ne aikin ƙarshe da ke tsakanina da kai.

Waɗanda ke gida ba za su san wannan ba, amma a nan muna da wata al'ada da ba wanda ya kafa ta. Baƙo ba ya yi wa ɗakinsa fenti. Ba ya sayen gado, ba ya sayen akwatin kaya. Ƙusa ɗaya a bango, jaka ɗaya a ɗaure, shi ke nan. Kowa wucewa yake yi, ko arewa zuwa Tarabulus da bakin teku, ko kudu zuwa gida. Wanda aka ga ya shafa wa bangonsa launi, sai a ce wane ya auri Sabha, wato ya ajiye tafiya. Mutum zai shekara da shekaru yana kallon siminti da tabon hayaƙi, don dai kada a ce ya zauna. Ni ma haka na rayu. Na zo garin nan da niyyar in huta in wuce, gashin kaina baƙi wuluk. Yau furfura ta kama mini gefe biyu, ban wuce ba, ban koma ba. A tsakani na je gida na auri Ramlatou, na dawo. Muna da ƴa guda, wadda ta san muryata fiye da fuskata.

Bayan ƙaramar sallah Ramlatou ta kira ni. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na tsorata. Ta ce yayanta Souley, wanda ke tuƙi tsakanin Agadez da nan, zai taso bayan layya, kuma ya ce zai ajiye mata wuri a gaban mota ita da yarinya. Ta ce, "Malam, abu uku ne. Ko ka ce mu zo, ko ka dawo, ko ka sawwaƙe mini in san matsayina. In motar nan ta tashi ban ji komai ba, ba zan sake tambayarka ba." Na ce mata ina dubawa. Ta ce ta san ina dubawa, tun da ta san ni dubawa nake yi.

Na dai motsa kaɗan. Na je wurin Hamed, ɗan ƙasar nan da ke da gidajen haya a bayan garejoji, wanda ya gaji ƴar Hausa daga kakarsa. Ya nuna mini wani ɗaki mai taga ɗaya da ɗan tsakar gida. Matafiya ne suka yi ta kwana a ciki kafin ni, bangon duk sunaye ne da lambobin waya, wasu da biro, wasu da gawayi, wasu an ƙarce su da ƙusa. Hamed ya ce, "Ɗaki naka. Kana so fenti, yi fenti, babu mushkila." Na kama ɗakin. Amma ban gaya wa Ramlatou ba. Na ce wa raina ba za a kawo mace ɗaki irin wannan ba, sai an yi fenti tukuna, kuma ba za a yi fenti ba sai an zaɓi launi. In na zaɓa sai in kira ta.

Na zo wurinka ranar, na ce, "Baba Soumana." Ka ajiye kofin shayi ka ce, "To, yau kuma me bawa yake so?" Da na faɗa maka sai ka yi dariya har da buga cinya, ka kira masu gareji su zo su ji Akawu zai auri Sabha. Amma kafin la'asar ka zo ɗakin da kayanka.

Na riga na karɓo wata takarda daga shagon masu fenti, mai ɗauke da launuka jere kamar haƙoran masara, na yi wa wasu alama. Ka karɓa ka yi fifita da ita, ka ce takarda ba ta san ranar Sabha ba. Ka ce launin da ke sanyaya ido da asuba yana iya zama wuta da azahar, wanda ya yi kyau yana ɗanye kuma yana iya bushewa ya koma wani abu. Sai ka buɗe gwangwani uku, ka dama kowanne da guntun reshen dabino, ka shafa su a bangon da ke kallon taga, kowane shafi kamar faɗin faifai. Na farko ruwan bula mai haske. Na biyu ruwan ƙasa mai ɗan ja. Na uku tsanwa, wanda Kanawa ke ce wa kore, mara ƙarfi, kamar ganyen gero sabon tsiro. Ka ce in kwana a ɗakin, in dube su da asuba, in dube su da azahar, in dube su in rana ta karkata. Wanda na buɗe ido na gani raina bai tashi ba, shi ne nawa. Haka kake yi wa kowa, har manyan masu gidaje, kuma ba ka taɓa yarda ka zaɓa wa mutum ba, ko ya roƙe ka.

Na bi umarninka fiye da yadda ka nufa. Na kwaso tabarmata na dawo ɗakin. Ina dubawa ina rubutawa. Da asuba bular ta fi, da azahar sai ta yi fari fat kamar ba a shafa komai ba. Ruwan ƙasar yana da daɗi da yamma, amma da rana yana ƙara wa ɗakin zafi, ko kuma ni nake jin haka. Tsanwar ba ta taɓa zama ta ɗaya ba, ba ta kuma taɓa zama ta ƙarshe ba. Ina barin shago da tsakar rana in zo in tsaya a bakin ƙofa in koma. Na duba a tsaye, na duba a kwance, na rufe taga na buɗe. Duk wanda na tsayar yau, gobe sai in ga aibinsa.

Har na fara zargin da gangan ka yi. Na ce maka na gane nufinka: bula ita ce teku, ruwan ƙasa shi ne bangon gidanmu a Tibiri, tsanwa kuma gonakin ƙasar nan. Ka dube ni kamar mai duban mara lafiya. Ka ce, "Akawu, bular nan ragowar ɗakin wankan wani Balarabe ce. Jan nan na katangar makaranta ne. Tsanwar ni na haɗa da safe don ita ta rage a kwalba. Fenti ne, ba mafarki ba." Sa'an nan ka tambaye ni, da Hausar nan taka da ba ruwanta da mace ko namiji, "Matar naka, ka gaya masa?" Na ce sai na zaɓa. Ka shiga kankare busasshen fenti daga farcenka. Can ka ce, "Bango ba ya zuwa ko'ina, Bagobiri. Mota ce ke tashi."

Ganina da kai na ƙarshe, da safe ne, ka ɗaure tsani a kan motar haya za ka Samnu, gidan wani ɗan'uwan Hamed. Ka sa direba ya tsaya a ƙofar shagonmu, ka leƙo ta taga. Ka ce ka bar mini gwangwanayen uku a ɗaki, in ka dawo ran Alhamis ka tarar ban zaɓa ba, za ka juye su wuri ɗaya ka kwaɓa ka shafe mini ɗakin, in kwana cikin ruwan kwata ni da amaryata. Na ce Bazabarme dama me ya sani ban da kwata. Ka nuna ni da yatsa kana dariya, mota ta ja. Maganar ƙarshe da na yi maka ke nan a duniya. Na yi ta juya ta a raina, ko da wata ce ta fi dacewa. Amma ina jin da na yi maka addu'a mai tsawo a wurin nan, da ka ce ba ni da lafiya.

Hamed ne ya kawo mini labari. Ya shigo shago ya tsaya, bai tambayi kaya ba, bai zauna ba. Ya ce, "Soumana," sai Hausar ta ƙare masa, ya ƙarasa da Larabci.

Da muka gama rufe ka, aka jera duwatsu, wani ya kawo bulo ya ajiye a wajen kai. Sai kowa ya tsaya yana duban kowa. A lokacin ne muka tuna cewa mai rubuta mana sunaye shi ne a ƙasa. Ɗakina ya fi naka kusa, na ruga na ɗauko gwangwani da ƙaramin buroshin da ka bari. Na tsuguna na rubuta Soumana, Dosso, da ranar, ba alli, ba awo, ban tambayi kowa ba. Harafin farko ya ɗiga. Sai a hanyar dawowa na dubi yatsuna na ga tsanwa.

Ka san halina. Ban yarda da kaina ba. Na ce wataƙila gwangwanin tsanwar ne ya fi kusa da ƙofa, hannu ya faɗa kansa kawai. Ina isa na duba inda kowanne ya bar zagayen sawunsa a ƙasa. Bula ce a bakin ƙofa, ruwan ƙasa na bin ta. Tsanwar tana can kusurwa, sai da na tsallake biyu kafin in kai gare ta. Na daɗe a tsaye a wurin. Abin da na kasa yi da idona a buɗe, na yi shi ranar da hawaye ya hana ni gani.

Duk da haka ban kira Ramlatou ba. Na ce ai makoki ake yi, ba lokacin wannan magana ba ne.

Bayan addu'ar uku dattawa suka ce mu je mu haɗa kayanka. Sai a ranar na lura cewa duk shekarun nan ban taɓa shiga ɗakinka ba. Kullum a waje muke zama, a tabarmar da ke ƙarƙashin rumfar gareji, inda kake dafa shayi. Mai garejin ya buɗe mana ƙofa. Soumana, yanzu zan faɗi abin da ni kaɗai nake da ikon faɗa a cikin taron nan. Kai da ka yi wa rabin Manshiya fenti, kai da ka shafe masallaci da makaranta da ɗakunan amare, ɗakinka siminti ne tsirara. Ƙusa ɗaya a bango. Jaka ɗaya a ɗaure. Launin da ke ciki kawai shi ne na bayan ƙofa, inda kake goge buroshi in ka dawo aiki, shafi kan shafi, na shekara da shekaru, har wurin ya yi kauri kamar ɓawon itace. Haba Bazabarme! Kana yi mini dariya ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Haka na faɗa a raina da farko, har na ji wani abu kamar haushi. Amma da aka kwance jakar sai haushin ya gushe. Turmin atamfa ne a ciki, da kallabi, da ƴan takalman yara waɗanda ina jin masu su sun riga sun girme su. Sai na tuna maganar da kake yi duk shekara, muna yi maka dariya: bayan layya zan koma gida gaba ɗaya. Bana ma ka faɗa. Ka kan je, ka yi ƴan watanni, bukatun gida su sake turo ka. Sai na ga wataƙila ba kasa zaɓa ka yi ba. Kai ka zaɓa tun farko, Dosso ka zaɓa, shi ya sa ka ƙi ba bangon nan ko da shafi ɗaya. Ban sani ba ko fassarata daidai ce, ka riga ka gargaɗe ni kan fassara. Abin da na tabbata shi ne, mutum yana iya ɗaure jaka ya rataye riga a ƙusa yana cewa gobe, har goben ta same shi a gindin dabinon wani. Na dubi ƙusarka na ga tawa.

Ban jira na isa gida ba. A nan bakin rumfarka, rana tsaka, na kira Ramlatou. Na ce mata na kama ɗaki, ta gaya wa Souley ya riƙe wurin. Sai ta ce, "Malam, da bakinka kake faɗa, ko dubawa kake yi?" Na ce da bakina. Na ce har zan yi wa ɗakin fenti, tsanwa, in ba ta so ta faɗa tun yanzu, akwai bula, akwai ruwan ƙasa, zan iya ɗaukar hotonsu in aika mata ta gani da safe da rana. Ta ce, "Don Allah kada ka aiko mini da komai. Ɗakin yana da ƙofa mai rufuwa?" Na ce yana da ita. Ta ce, "To shafa abin da ka shafa. In na zo bai yi mini ba, ka sake." Na ji ta juya tana gaya wa yarinya, muryarta ta canja, sai ta kashe wayar.

Na yi fentin, Soumana, ni da hannuna, wanda ka ce kada a ba shi abin da ke zubewa. Abin da ya rage a gwangwaninka bai isa ko bango ɗaya ba, kuma ba wanda ya san yadda ka haɗa shi, da ido kake yi. Na sayo fari da ƴar kwalbar launi, ina ɗigawa ina damawa da reshen dabinonka ina gwadawa a gefen shafinka. Ban same shi daidai ba. Kafin in fara na tsaya na karanta sunayen da ke bangon ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka karantu, na yi musu fatiha, domin ban san wanda ya isa da wanda ruwa ya ci ba. Sa'an nan na rufe su. Wannan ya fi mini wuya fiye da yadda na zata.

Da ka ga aikin da ka kira masu gareji. Bangon taga ya fi sauran haske, don kwaɓin farko ya ƙare na sake wani. Sawun buroshi yana nan a kusurwoyi, na kuma ɗiga a ƙasa. Ruwan ƙasar ya rufu, amma bular, duk da na maimaita mata shafi, in rana ta take tana ɗan leƙowa daga ƙasa. Naka shafin na tsanwa ban taɓa shi ba, na zagaye shi. Da safe ba a bambanta shi da nawa, amma in rana ta karkata sai ya fito, faɗin faifai guda, sumul, a tsakiyar kwamacalata. Mutanen unguwa sun zo sun leƙa, sun ce Akawu ya auri Sabha. Na ce musu e, a zo a ci goro.

Kada ka zaci hankalina ya kwanta. Yanzu hanyar ce ke tsaye mini a rai, na san ta, na san abin da take yi wa manya balle yarinya ƙarama. Wani lokaci ina cikin aiki sai in ji kamar in kira in ce su dakata. Sai in tuna bango ba ya zuwa ko'ina, in mayar da wayar aljihu. Ina roƙon duk wanda ya ji wannan takarda, in ya yi wa Soumana addu'a, ya sa da matafiyan da za su taso bayan layya.

Ya Allah, ga bawanka Soumana ya zo gare Ka, baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Yadda ya shayar da masu ƙishi kurɓi kurɓi, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Yadda ya ƙi bari a manta da sunan baƙi, kada Ka bar shi cikin waɗanda aka manta. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi gidan da ba a ɗaure jaka a cikinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukan ƴan Nijar mazauna Manshiya, da ta Hamed da mutanen Samnu da suka tsaya a kansa, zuwa ga ƴaƴansa da jikokinsa da dukan dangi a Dosso. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya albarkaci abin da ya bari.

Ke kuma Inna Hadjara, uwargidansa, ban taɓa ganinki ba, amma na san sunanki tun ranar da na fara shan shayinsa. Jakarsa tana hanya, da atamfarki a ciki, ba mu cire komai ba. Na shiga ɗakinsa na gani da idona, kuma a garin nan mun san ma'anar abin da na gani. Mutumin da ya yi wa kowa fenti bai shafa wa bangonsa komai ba. Duk shekarun nan bai zauna a Sabha ba, Inna. Yana hanyar zuwa wurinki ne.